Gemu da Takunkumin Roba

Asibitin da ya kwantar da Yaya, shi ne kuma ya ba su aikin gyaran daɓe, duk a cikin mako guda. Auta bai ga abin mamaki a ciki ba, don kwanakin nan babu abin da ke ba shi mamaki. An ce masa yayansa yana hawan sama, ɗakin masu ciwon ƙirji, ya ce to. An ce masa barandar ƙasa ta tsohon gini za su kankare su dawo mata da sheƙinta, ya ce to. Da an ce masa ginin ne gaba ɗaya ya rushe, to ɗin dai zai ce.

Auta sunan gida ne da ya bi shi har wurin aiki, alhali mutumin ya haura arba'in, da furfura a gemu. Tun yana saurayi yake bin Yaya aikin tarazo, daɓen nan na siminti da tsakuwa da ake gogewa da inji har ya yi ƙyalli. Aikin kashi biyu ne. Babban inji da ruwa yake tafiya, mai tura shi a tsaye yake, iyakar damuwarsa jiƙewar ƙafa. Amma babban inji ba ya shiga lungu, ba ya kaiwa gindin bango. Nan sai mutum ya durƙusa da ƙaramin injin hannu, a bushe, fuska dab da ƙasa, ƙura na tashi fara fat kamar an zazzage buhun gari. Yaya ne ya riƙe wannan ɓangaren shekara da shekaru, don ya ce babu wanda ya iya gefe kamarsa, kuma gaskiyarsa ce. Da numfashi ya fara gagararsa, injin hannun ya gangaro wa Auta yadda tsohuwar rigar wa take gangaro wa ƙane.

A tsarin Yaya kayan kariya biyu ne: jiƙaƙƙen ƙyalle a ɗaure a hanci, da gwangwanin madara idan an tashi aiki. Madara, in ji shi, ita ke wanke ƙurar da ta shiga ƙirji. Duk 'yan sana'ar haka suka yarda, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi ta wace ɓarauniyar hanya madarar da ta sauka ciki za ta ɓulla huhu. Likitan da ya ɗaga hoton ƙirjin Yaya a gaban fitila bai yi dogon bayani ba. Ya ce ƙurar dutse ce ta daskare a ciki, kuma ba ta fita. Auta yana tsaye a wurin, ya ji maganar da kunnensa, ya jira ta isa zuciyarsa. Ba ta isa ba.

Kafin su taɓa daɓen, aka ce sai sun je sito an zaɓa musu kayan kariya. Wata Sista ce aka ɗora wa wannan aikin a kan nata na jinya, mace mai gajiya a ido da saurin magana. Su biyu suka je, Auta da Dogo, mai tura babban inji. Dogo ya shiga yana washe baki, rungume da kwalin shuɗin takunkumi na malaman jinya da safar hannu 'yar sirit, waɗanda wani ɗan'uwansa mai tura gadon marasa lafiya ya sama masa.

"Sista, kar ki wahalar da kanki, mun zo da shirinmu," in ji shi. "Abin da ya tare cuta ai ƙura wasa ce a wurinsa."

Sista ta ɗaga takunkumi ɗaya da yatsa biyu. "Malam, wannan yawun bakinka yake tarewa kada ya faɗa kan majinyaci. Ƙurar dutse ta gefe za ta shige, ko sallama ba za ta yi maka ba. Safar nan kuwa, in ka tsoma ta a sinadarin cire tsohon man daɓe, kafin azahar ta zama danƙo a fatarka."

Dogo ya ajiye kwalinsa a hankali, kamar ba shi ya kawo ba.

Ta shiga fito da kaya tana zubewa a kan tebur. Takalmin roba mai kaurin ƙasa wanda ba ya santsi. Safar hannu baƙa mai kauri har gwiwar hannu. Tabarau mai rufe gefen ido, da abin toshe kunne, da matashin gwiwa mai maɗauri. Dogo ya gwada komai yana tsokaci, wai takalmin ya yi masa kamar kwalekwale, wai da tabaraun nan zai je zance. Auta kuwa duk abin da aka miƙa masa karɓa yake. Ya yi maka? Ya yi. Bai matse ba? Bai matse ba. Da ta ba shi takalmi ƙafar hagu biyu, sawa zai yi ya fita.

Daga ƙarshe ta ciro takunkumin gaske, na baƙar roba, mai rufe hanci da baki har ƙarƙashin haɓa, da matata biyu a kumatu kamar murfin gwangwani. Ta ɗaura wa Dogo nasa, ta ja maɗaurin ta ƙeya. Da ta juyo kan Auta sai ta tsaya.

"Wa zai yi gindin bango?"

"Ni," in ji Auta.

"Da wannan gemun?"

Gemu ne na kirki, cikakke, wanda ya sauka har ya rufe maɓallin wuyan riga. Tun da Auta ya yi aure reza ba ta ga haɓarsa ba. Mahaifinsu da gemu ya rasu, Yaya da nasa yake kwance a sama, kuma saboda gemun ne in lokacin salla ya riske su a wurin aiki ake tura Auta gaba. Matarsa ma ba ta san masa wata fuska ba.

Sista ta yi bayani, ba da faɗa ba. Robar sai ta manne da fata take aiki. In gashi ya shiga tsakani, ƙurar za ta bi ta cikinsa ta shige, mutum yana ɗauke da nauyin banza a fuska. Akwai wani iri mai hula da injin hura iska wanda masu gemu ke sawa, amma babu shi a siton, in an nema ma sai bayan an gama aikin zai iso. Ko dai ya aske, ko ya nemo wani ya yi gefen.

"Haba Sista," in ji Dogo, muryarsa na fitowa a toshe ta cikin roba. "Gemun liman guda? Ki gwada shi mana. In ya ci jarrabawa ya ci."

Wayarta ta yi ƙara, ana nemanta a ɗakin jinya. Ta dubi wayar, ta dubi gemun, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. Ta ce to, su zo a gwada.

Gwajin ba shi da wuya. Ana kifa wa mutum wata babbar hular leda mai gilashi a gaba, a fesa wani ruwa mai ɗaci ta ɗan rami. Da farko ba takunkumi, don a tabbata harshen mutum yana jin ɗacin. Sannan a sa takunkumi a sake fesawa. In ɗaci ya kai harshe, robar ba ta kama ba. Dogo aka fara yi wa. Fesa ɗaya ya yi tsalle ya tuge hular yana tofar da yawu, yana rantsuwa ko maɗaci bai kai wannan ba.

Aka kifa wa Auta. Ya buɗe baki yadda aka ce, ta fesa. Ya jira. Ya ji danshi a leɓensa, shi ke nan. Ta sake fesawa. Ya daɗe da sanin hancinsa da harshensa sun mutu, shekarun shaƙar sinadari sun tafi da su. Matarsa ta daina tambayarsa ko gishiri ya ji a miya. Ta cikin gilashin ya hangi idon Sista tana jira, sai ya yamutsa fuska irin yadda Dogo ya yi, ya ce, "Da ɗaci."

Ta ɗaura masa takunkumin a kan gemun, ta ja maɗauri har gashin ya kwanta, ta fesa. Ta sa shi ya juya kai dama da hagu, ya sunkuya, ya yi magana.

"Ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba."

Wannan karon gaskiya ya faɗa. Sista ta daɗe tana kallonsa, wayar kuma ta sake ƙara. Ta nuna musu yadda ake toshe matatun da tafin hannu a ja numfashi kullum kafin fara aiki, ta ce in robar ta tsotse fuska to ta kama. Ta fita da sauri. Dogo ya buga masa kafaɗa, wai gemun malamai ko ƙura tana jin nauyinsa.

Washegari suka rufe barandar da manyan ledoji daga silin har ƙasa, don kada ƙura ta kai ga majinyata. Auta ya lura da yadda aka bi kowace kafa da salatif, ko allura ba za ta wuce ba. Ya ɗaura matashin gwiwa, ya sa tabarau, ya sa takunkumi. Ya toshe matatun ya ja numfashi, iska ta shigo masa salin-alin ta gefen kumatu, tana kaɗa gashin. Ya sauke hannu ya kunna inji.

Daɓen ya sha wuya. Ƙafafun gadaje sun yi masa zane, magani ya zuba ya bar taswira, ga tsohon man da aka yi ta shafawa a kan datti har ya koma ruwan ƙasa. Auta ya bi gindin bango yana ja da gwiwa, tsakuwar na fitowa fes a bayansa, fara da baƙa da ja. Da can yana jin daɗin wannan lokacin. Yanzu hannunsa ne kawai ke aikin, shi yana can wani wuri da shi kansa bai san ina ba ne.

Da rana ta take ya shiga banɗakin ma'aikata ya cire takunkumin a gaban madubi. Wasu farare layuka biyu sun taso daga kumatu, sun ratsa cikin gemun, sun haɗu a ƙofar hanci. Cikin robar ma ya yi fari. Ya face majina, ta fito toka-toka, irin wadda ya saba gani kullum. Ya wanke hannu, ya kakkaɓe riga, ya nufi matakala don ya duba Yaya.

Matar Yaya na zaune a kan tabarma gefen gado, tana ninke kayan da ta wanke. Tun ranar da aka kawo ta gidan take tsokanar Auta, ciwon mijinta kuma bai hana ta ba.

"A'a, maigida ƙarami! Jiya na bar ka da 'yar furfura, yau ka zama kakanmu? To ni dai na fasa, ba na auren tsoho biyu."

Auta ya yi abin da ya yi kama da murmushi. Yaya yana jingine da matasai, siririn bututun iska a hancinsa, ƙasusuwan wuyansa a waje. Ta cikin ginin ana jin gurnanin babban inji daga ƙasa, Dogo bai tsaya ba. Yaya ya karkata kai yana saurare.

"Ka ce wa Dogo," ya tsaya ya ja iska, "yana danne shi." Ya sake ja. "Zai ci masa dutsen guga."

Magana ɗaya, sai da ya yanka ta gida uku. Wannan ne mutumin da in ya daka tsawa a gini, na hawa na uku yana ajiye abin da ke hannunsa. Auta ya ce zai faɗa masa. Ya zauna kaɗan, ya miƙa ruwa, ya gyara matashi. Yana so ya ji tausayi, ya san nan ne wurinsa, amma ƙirjinsa shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Ya sauko, sai ya tuna ya bar tabaraunsa a kan durowar gefen gado, ya juya ya sake hawa. A tsakiyar benen, inda matakalar take juyawa, ya tsaya a bakin taga yana kallon motocin da ke harabar. Ya ɗan jima kafin ya tambayi kansa me yake kallo. Babu komai. Ɗazu ma nan ya tsaya, jiya ma haka. Hannunsa na kan ƙarfen matakala, bakinsa a buɗe, yana jira numfashinsa ya dawo daidai. Shekarun baya kaɗan, a wani gini, Yaya ya riƙa tsayawa a irin wannan wurin yana zaro waya daga aljihu, wai yana duba saƙo. Wayar da ko kati ba ta da shi. Su Auta suna wuce shi da buhun siminti suna dariya.

Bai ƙarasa hawan ba. Ya sauka, ya wuce Dogo ba tare da ya isar da saƙon ba, ya fita ta ƙofar asibitin ya tsallaka titi. Akwai wani mai aski a jerin shagunan da ke kallon asibitin, tsakanin mai shayi da mai sayar da bokitai da filas.

"Gyaran fuska?" in ji mai askin, yana yafa masa zane.

"Aske shi."

"In rage shi ke nan."

"Duka."

Mai askin ya tsaya da inji a hannu. "Malam, lafiya dai? Aikin ɗamara za ka shiga da girmanka?"

Wasu dattawa biyu da ke kan benci suka daina hira. Auta ya san abin da ke zuwa. Za a dube shi a sahu, za a tambayi matarsa a gidan biki, 'yarsa ƙarama wataƙila ta ƙi zuwa wurinsa. Ya jira kunya ta kama shi. Ita ma ba ta zo ba. Ya ce, "Aiki ne," ya rufe ido.

Gashin ya yi ta zuba a kan zanen, da ƙurarsa da komai. Da aka gama da reza ya buɗe ido, ya ga wani mutum mai 'yar ƙaramar haɓa da fata fara-fara a inda rana ba ta taɓa gani ba. Iskar fanka ta taɓa wurin ya ji sanyi har cikin haƙori.

Dogo na ganinsa ya kashe inji, ya yi salati. Sista ce ta zo wucewa ta bayan ledar da tiren magani. Ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa. Ta jira ya wanke cikin takunkumin ya ɗaura.

"Toshe ka ja," in ji ta.

Ya toshe ya ja. Robar ta tsotse masa fuska gam, iska ta yanke ɗif, sai da ya saki hannu da sauri. Ta gyaɗa kai ta wuce. Ya durƙusa ya ci gaba daga inda ya tsaya, har la'asar ta yi sanyi. Da ya cire takunkumin, cikinsa baƙi ne wuluk, sai gumi. Ya goge shi, ya sa a leda, ya hau sama, ya tsaya a bakin tagar nan ba tare da ya yi kamar yana kallon komai ba.

Matar Yaya ta ɗago, ta ja mayafi ta rufe kai, ta fara gaishe shi da ladabi irin na baƙo. Sai ta saki ihu ta toshe baki.

"Na shiga uku! Auta? Wa ya fige min kai?"

Yaya ya dube shi, kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, amma ba ta da iskar fitowa, ta rikiɗe ta zama tari, sai da matar ta tallafe shi tana shafa masa baya. Da ya lafa ya share ido da gefen zani.

"Kamar ranar," ya ja iska, "da na kai ka makaranta." Ya nuna ledar da haɓa. "Mene ne?"

Auta ya ciro takunkumin ya miƙa masa, ya yi bayani a taƙaice, robar da fata, gashi da ƙura. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi yadda yake jujjuya sabon dutsen inji kafin ya yarda da shi. Ya danna robar da babban yatsa. Ya murɗe matata ɗaya, ya ɗaga ta wajen hasken taga, ya mayar ya ɗaure. Ya ja maɗaurin ya ga ƙarfinsa.

"Ba ta shiga?"

"Ba ta shiga, Yaya."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Yaya ya ɗora takunkumin a kan cinyarsa. Iskar bututun na ta sis-sis a hancinsa.

"Yaushe," ya ja numfashi, "aka fara yin sa?"

A shagon da suke sayen duwatsun inji, irin wannan takunkumin yana rataye a ƙusa saman kanta tun Auta yana saurayi. Ledarsa har ta koɗe. Auta da hannunsa ya sha ture shi gefe don ya ɗauko abin da ke bayansa.

"Sabo ne," in ji shi. "Bana ya fito."

"Na ce dai." Yaya ya gyaɗa kai a hankali, ya miƙo masa abinsa. "Da na gan shi, ai da tuni na saya mana."

Abin da Auta ya yi kwanaki yana jira ya zo masa a nan, gaba ɗaya, baƙin ciki ne mai nauyi da ya cika masa ƙirji. Ya kai hannu haɓa don ya kama gemu ya sunkuyar da kai yadda ya saba, hannun ya sauka a kan fata. Babu inda zai ɓoye bakinsa da ke rawa. Ya ɗauki butar da ke ƙarƙashin gadon, cike take da ruwa, ya ce bari ya je ya ciko ta.